Yadda Zaka Sayi Fili Ka Gina Gida Da Bashin Banki, Mataki Bayan Mataki

Tambayar nan ta yi yawa, ma'aikata da 'yan kasuwa kowa abin da yake tambaya kenan, haya ta ishe ni, duk shekara mai gida sai ya ƙara kuɗi, ta yaya zan samu banki ya bani kuɗi in sayi fili in gina nawa? Toh 'yan'uwa bari in fara da abin da mutane basa son ji. A Najeriya da wuya ka samu bankin da zai baka bashin gida don ka sayi fili fetal wanda babu komai a kai. Banki takarda yake bi, sai ya ga fili da sunanka da takardar da gwamnati ta sani sannan zai saurare ka a kan kuɗin gini. Don haka tsarin shi ne fili da kuɗinka, sannan takarda, sannan zane da izini, sannan bashi, sannan gini. Duk wanda ya juya wannan jerin shi ne zaka ga ya yi shekara uku yana zarya da fayil a hammata.

1. Fara da lissafin albashinka

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, zauna da biro da takarda. Ƙa'idar da ake bi ita ce abin da za a riƙa cire maka duk wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu. Kaga kenan albashinka ne zai faɗi girman bashin, ba girman gidan da kake mafarki ba.

Ga misali don ka gane. Bashin naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, idan shekara 20 zaka biya, duk wata kusan naira 71,600 ne, wato sai albashinka ya kai wajen 215,000 kafin a yarda. Idan shekara 30 ne ya sauko zuwa kusan 60,000 a wata amma jimillar abin da zaka biya ya haura miliyan 21 da rabi. Shi kuma wannan miliyan 10 ɗin idan ka ɗauko shi a bankin kasuwanci a kan kashi 25 na shekara 10, duk wata kusan 227,000 zaka riƙa bayarwa, jimilla sama da miliyan 27. Ka kalli bambancin da kyau.

Hattara: shekarun da suka rage maka a aiki su ne iyakarka. Ma'aikacin gwamnati yawanci yana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, in saura shekara 12 ka ajiye aiki ba za a baka shekara 30 ba, kuma in kana da bashin mota ko na kofaretib da ake cira a albashi shi ma za a lissafa shi a cikin kashi ɗaya bisa ukun nan.

2. Zaɓi ƙofar da zaka shiga

Ƙofa ta farko ita ce NHF, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa da doka a 1992, wanda bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya FMBN yake riƙe da shi. Shi ne kashi 2.5 ɗin nan da ake cira a albashi wanda mutane da yawa basu ma san na mene ne ba. Bashin NHF ruwansa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30, kuma sai ka yi aƙalla wata 6 kana zubi. Da can iyakarsa miliyan 15 ne, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ma zai iya rajista ya riƙa zubawa da kansa, kuma tun gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 zubin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ya zama ganin dama, don haka in a kamfani kake aiki ka tambaya ko ana cire maka. Suna da bashin sayen gida, suna da na wanda yake da fili zai gina da kansa, kuma ruwansu da shekarunsu ba ɗaya bane, ka je ofishin FMBN na jiharka ka karɓi sharuɗɗan na ginin a rubuce.

Hattara: cirewa daban, turawa daban. Akwai wuraren aikin da ake cire kuɗin a takardar albashi amma baya isa FMBN. Danna *219# a layin da ka yi rajista da shi ka duba, in ka ga babu komai ko akwai giɓin watanni tun yanzu ka fara bin ofishin albashinku, don wannan kaɗai yana iya tsayar da fayil.

Ƙofa ta biyu bankunan kasuwanci, sun fi sauri amma ruwansu a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20, ni dai bana ba mai albashi shawarar gina gidan zama da irin wannan kuɗin.

Ƙofa ta uku ita ce ta bankunan da basa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus. Na san da yawa daga cikinmu maganar riba ce ta hana su kusantar bashin gida gaba ɗaya, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya wadda bai kamata a yi wa kowa dariya a kanta ba. Su waɗannan bankunan suna bi ta murabaha, su sayi kaya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko ijara, su mallaki gidan kana biyan haya har ya zama naka, ko kuma haɗin gwiwa inda kake sayen kason banki kaɗan-kaɗan. FMBN ma ya fito da tsarin haya-zuwa-mallaka marar ruwa, sai dai wannan na gidan da aka riga aka gina ne. Abin da zan ce shi ne rashin ruwa ba yana nufin araha ba, ka ce a rubuta maka jimillar abin da zaka biya daga farko har ƙarshe, sannan ka kai takardar yarjejeniyar wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba maka kafin ka sa hannu.

3. Haɗa kuɗin fili

Nan aljihunka ne. Adashi, kofaretib ɗin wurin aiki, sayar da dabbobi ko amfanin gona, kason gado, ko masu yanka filaye da suke karɓar biya kaɗan-kaɗan. Kofaretib ta fi sauƙi wa ma'aikaci don sau da yawa suna sayen fili babba su yanka wa mambobi su riƙa cira a albashi. Ka ware kuɗin da ya wuce farashin filin, akwai la'adar dillali wadda a wurare da yawa kashi 5 ce, akwai lauya, akwai safiyo, akwai kuɗin bincike a ma'aikatar ƙasa.

Masu tambaya a kan kuɗin fansho, eh gaskiya ne tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa PenCom ta yarda a cire har kashi 25 na abin da ke asusunka na fansho, amma don biyan kasonka na bashin gida ne, wato abin da kai zaka kawo daga aljihunka kafin banki ya cika sauran, kai tsaye ake tura wa bankin da zai baka bashin, sai ka yi wata 60 ana zuba maka kuma wanda ya rage masa ƙasa da shekara 3 ya yi ritaya baya ciki. Ba kuɗi ne da za a damƙa maka ka je ka sayi fuloti ba.

4. Binciki filin kafin ka ba da ko sisi

Wannan matakin shi ne ya fi kowanne cinye mutane, don haka zan daɗe a kansa.

Tambayar farko, awon gwamnati ne ko awon igiya? Awon igiya shi ne gonar da mai ita ko dillalai suka yanka da kansu, ya fi araha kuma rabin unguwanninmu a haka suka tashi, amma ga wanda yake neman bashin banki hanya ce mai tsawo saboda takardar mai unguwa da ta dagaci banki baya karɓarsu a matsayin jingina, sai ka bi ka mayar da shi C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, wani wurin ma ba zai yiwu ba in ya faɗa cikin tsarin da gwamnati ta yi wa yankin. Filin awon gwamnati mai lambar fuloti da takardar ba da fili ko C of O ya fi tsada amma ya rage maka rabin wahala.

Karɓi kwafin takardar ka kai ma'aikatar ƙasa a yi maka bincike a hukumance, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma kowacce tana da ofishinta. Abin da kake nema shi ne sunan da ke fayil ya yi daidai da wanda yake sayar maka, ba a jinginar da filin a wani banki ba, ba a soke takardar ba, babu shari'a a kai, kuma nawa ake bin filin na harajin ƙasa don in an tara shekaru ba a biya ba kai zai dawo wa. Da kanka ko lauyanka za a je, kada dillali ya ce bari in karɓo maka.

Sannan ka ɗauki safiyonka, ba na mai sayarwa ba, ya je ya ɗauki lambobin wurin ya gwada da na takarda. Ana nuna wa mutum fili mai kyau a bakin titi alhali takardar ta wani fulotin ce can ciki. Ya auna maka kuma, in an ce ƙafa 50 a 100 ne a ga 50 a 100, wato wajen murabba'in mita 465.

Hattara da filin gado. In mai filin ya rasu, ɗa ɗaya ba zai sayar maka ba ko da shi ne babba. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka tabbatar duk magada sun yarda har da mata da waɗanda suke aure a wani gari, in akwai marayu ƙanana a san wanda kotu ta ɗora a kan kasonsu. Rigimar gado tana iya tasowa bayan ka kai linta, kuma banki yana jin ƙishin-ƙishin ɗinta zai rufe fayil.

Hattara a Abuja: ministan babban birnin tarayya ne kaɗai yake da ikon ba da fili, takardar ƙaramar hukuma ko ta sarkin gari in ba a daidaita ta a AGIS ba ba zata kai ka banki ba.

Ka je ka ga filin da damina, in da hali cikin Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Tsohon kududdufi da aka cike da shara, hanyar ruwa, bakin kwazazzabo, ƙarƙashin babbar wayar lantarki, burtali, filin makaranta ko gefen maƙabarta, duk ka guje su komai arha. Ka tsaya ka gaisa da maƙwabta da mai unguwa ka tambaye su filin waye wannan, an taɓa sayar da shi, su zasu faɗa maka abin da babu a takarda.

5. Ranar ciniki

Ta banki zaka biya, zuwa asusun mai sunan da ke takarda, ka rubuta a bayanin tiransifa cewa kuɗin fuloti lamba kaza ne. Lauya ya rubuta takardar sauya mallaka wadda ake kira Deed of Assignment, mai sayarwa ya sa hannu, shaidu su sa, ka karɓi takardun asali ba kwafi ba, ka karɓi hoton fasfo da kwafin katin shaidarsa, kuma a ranar ya sa hannu a takardar neman amincewar gwamna don in ya karɓi kuɗinsa ya tafi nemo shi aiki ne. Sunan da zaka sa ya zama daidai da wanda ke NIN da BVN da takardar albashinka, harafi ɗaya in ya bambanta sai an nemi takardar rantsuwa daga kotu. In ke ce mai albashin kuma ke zaki ci bashin, Hajiya, sunanki za a sa a filin, don banki mai fili yake ba bashi.

Kana gama biya ka kafa alama, ko layi uku na bulo ne a kusurwoyi, kada ka bar shi haka.

6. Mayar da takarda sunanka

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma fili mai C of O ba a sayar da shi ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. Ma'ana in ka sayi fili mai C of O da sunan wani sai ka nemi wannan amincewar, a buga wa takardarka hatimin haraji, a yi mata rajista. In kuma babu C of O sai ka buɗe fayil ka nema, yawanci na gidan zama shekara 99 ake bayarwa. Za a nemi takardar ciniki, taswirar safiyo, shaidar biyan haraji, hotuna da kuɗaɗen da jiha ta yanka, kowace jiha da nata farashin.

Nan ne ake cin lokaci, watanni ne wani lokacin fiye da shekara, shi ya sa nake cewa ka fara washegarin ciniki kada ka bari sai ranar da banki ya tambaya. Duk kuɗin da zaka biya ka biya ta asusun gwamnati ka riƙe rasit, masu cewa kawo in yi maka hanya sun sha damƙa wa mutane takardar bogi, kuma banki sai ya je ya bincika da kansa.

7. Zane, izini da lissafin kaya

Mai zanen gini mai rajista ya zana maka, injiniya ya yi na ƙarfe da fandisho, ka kai hukumar tsara birni ta buga maka izini, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Sai ƙwararren mai ƙididdigar kayan gini ya fitar maka da lissafi dalla-dalla wanda ake kira BOQ, bulo nawa, siminti nawa, rodi nawa, kwano nawa, kuɗin aiki nawa. A kan wannan takardar banki zai yanke abin da zai baka.

Shawarata a nan, kuma ita ce wadda aka fi ƙin ji, ka zana gidan da kuɗin zai gama. Ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki biyu wanda zaka shiga bana ya fi ɗaki biyar da zai tsaya a linta kana biyan banki kana biyan haya a lokaci guda. Ka ce wa mai zane ya bar maka wurin ƙari a gaba. Da hanau gara mannau. Kuma a saka aƙalla kashi 10 zuwa 15 a kan lissafin saboda tashin kaya, kowa ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 cikin 'yan makonni. Kada a manta da katanga, get, sokawe, rijiya ko bohol da jawo wuta, waɗannan su ake mantawa kuma kuɗi ne masu yawa.

8. Kai fayil banki

Bashin NHF yawanci ta hannun bankunan lamunin gida masu lasisi da FMBN ya amince da su ake bi, ka karɓi jerin sunayensu a ofishin FMBN kafin ka buɗe asusu a ko'ina. Abin da zaka haɗa: fom ɗin nema, shaidar zubin NHF, takardun albashi na watannin baya, bayanan asusun banki, shaidar biyan haraji ta shekara 3, wasiƙar wurin aiki, kwafin C of O, taswirar fili, zanen da aka amince da shi, BOQ, da rahoton ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara. Ɗan kasuwa kuma sai ya nuna kuɗi suna shiga asusu a kai a kai, in duk cinikinka a hannu kake yi ka fara zubawa a banki tun shekara guda kafin ka nema.

Ka tanadi kasonka. A tsarin da aka yi a 2018 bashin da bai wuce miliyan 5 ba babu kason da zaka kawo, daga nan zuwa miliyan 15 kashi 10 ne. Bayan shi akwai kuɗin ƙiyasi, kuɗin lauyan banki, rajistar jingina wadda ita ma sai da amincewar gwamna, da inshorar gobara da ta rai, masu gudun inshorar gargajiya su tambayi takaful, wato inshorar Musulunci. Ka ce a rubuta maka dukkansu a takarda ɗaya tun kafin ka fara biya.

Hattara: idan takardar tayi ta fito kada ka sa hannu a tsaye a gaban kantar banki. Ka tafi da ita gida, ka duba ruwan tsayayye ne ko yana canzawa, yaushe biya zai fara, tarar jinkiri nawa ce, in ka samu kuɗi ka biya duka da wuri akwai caji, kuma wata nawa zaka yi baka biya ba kafin su sami ikon sayar da gidan. Sannan kada ka saki gidan haya ko ka ɗauko magina a kan an ce maka an kusa, NHF yana ɗaukar lokaci, sai ka ga alat.

9. Gini da sakin kuɗi

Kuɗin gini ba a dunƙule ake bayarwa ba, kashi-kashi ne. A saki na fandisho zuwa difisi, wato inda gini ya kai daɓen ƙasa, su turo a duba, a saki na bulo zuwa linta, a duba, sai rufi, sai filasta da wayarin da famfo da tayil da fenti. In suka zo suka ga aikin bai kai kuɗin da aka saki ba, kashi na gaba ya tsaya. Don haka kuɗin nan ba na biki bane, ba na cikon jari bane, ba na ranta wa ɗan'uwa zuwa ƙarshen wata bane, ko kunya zata kashe ka ka ce kuɗin banki ne.

Kuɗi na shiga ka sayi kayan wannan matakin a makon, rodi da bulo da katako basa jira. Siminti kuma kada ka tara fiye da wanda zaka yi amfani da shi cikin wata biyu zuwa uku, a ɗora shi a kan katako nesa da bango da danshi in ba haka ba ya daskare. Bulo ka je gidan bulon da kanka ka ɗaga ɗaya ka sake shi, in ya wargaje ka bar wurin, kuma ka sani bango murabba'in mita ɗaya bulo 10 yake ci, da wannan zaka gane in an yi maka aringizo. Magini da kafinta a yi jinga da su mataki-mataki a rubuce, kada ka biya kuɗin aikin da ba a yi ba, ka riƙe wani abu sai an gama an duba. Kankare a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, in rufin kankare ne (dakin) kada a yi gaggawar cire katakon ƙasa, ƙarfinsa sai wajen kwana 28 yake cika. Ranar zuba fandisho da ranar linta ka kasance a wurin ko injiniyanka, a nan ake rage siminti da rodi kuma in an rufe ba mai gani.

Hattara: kada ka canza zane a tsakiyar aiki. Ƙara ɗaki ɗaya yana rusa BOQ, yana iya saɓa izinin da aka baka, kuma banki ba zai ƙara maka ko kwabo ba. Duk rasit da hoton kowane mataki ka adana su.

10. Biya da karɓo takardarka

Ka sa a riƙa cira kai tsaye daga albashi, kuma duk wata uku ka karɓi bayanin bashin ka gwada da takardar albashinka don wani lokacin ana cira a wurin aiki ba a tura ba, tara kuma a kanka take hawa. In ka canza wurin aiki ko albashi ya tsaya ka rubuta wa bankin tun kafin watan ya wuce, ana iya sake tsara biyan, ɓuya ce take kai mutum ga gwanjon gida. Harajin ƙasa da inshora duk shekara ne. Iyalinka su san da bashin da inda takardu suke, ka rubuta shi cikin wasiyya, don in ta Allah ta kasance inshorar rai ce zata biya ragowar amma sai an kai musu sanarwa da takardun.

Ranar da ka gama biya aiki bai ƙare ba. Ka karɓi wasiƙar da ta nuna ba a binka komai, ka karɓi takardar sakin jingina, ka karɓo C of O ɗinka na asali, sannan ka kai takardar sakin ma'aikatar ƙasa a yi mata rajista a cire sunan banki daga fayil ɗinka, in ba haka ba duk wanda ya je bincike zai ga gidan har yanzu a jingine yake.